ABIN HAWA: In Mota Ta Durƙusa

Babbar Kasuwa ta Yamai ita ce uwar kasuwannin ƙasar nan. Gobara ta cinye ta a watan Maris na 1982. Anka kwashe ƴan kasuwa zuwa Wadata, anka sake gina ta, anka buɗe sabuwa a farkon 1987, zamanin Shugaba Seyni Kunce. Daga cikinta atamfa da sabulu da shayi da batir da takalma suke fita, su bi motoci zuwa kasuwannin ƙauye. Masu tebur na Balayara da masu shago na Filinge da Dogon Dutsi, da yawansu nan suke saro kaya.

Wanda ya tsaya a bakin titunan da sunka kewaye kasuwar, ya bar kallon kaya ya dubi ƙafafun motoci, zai lura da wani abu. Mota takan iso da safe tsaye sosai. Kafin ƴan kura da ƴan dako su gama aikinsu, ta durƙusa. Hancinta ya ɗaga sama, bayanta ya sauka, salansa tana neman lasar kwalta. Zancen wannan wata ke nan: abin da ke riƙe da mota a sama, da abin da ke sauke ta, da abin da saukar take jawo wa mai buhu da mai rago da ke zaune a ciki.

Abin mamaki, a Turai da Amurka akwai masu biyan kuɗi don a durƙusar musu da mota da gangan, alhali babu buhu ko ɗaya a cikinta. Ɗaya daga motocin da sunka fi yi wa haka, tsofaffin Yamai sun san ta. Ita ce ƙaramar bas ɗin nan ta kamfanin Volkswagen na Jamus, wadda ake kira Kombi. Fuskarta a shafe take, ba ta da dogon hanci. Injinta yana can baya, kuma a tsofaffin ƙira ba shi da lagireto. Iska ce take sanyaya shi. An fara ƙera ta a 1950, ta ƙarshe kuma ta fito daga masana'anta a ƙasar Barazil a ƙarshen 2013. Mutanen Ikko sun daɗe suna haya da ita, su ne sunka sa mata suna danfo. Wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya riƙa gyara cikinta. Ya sa gado da ɗan teburi da murhu da wurin ajiye ruwa, har da rufi mai ɗagawa don mutum ya miƙe tsaye. Ta zama ɗaki mai tafiya. Inda dare ya yi wa mai ita, nan zai kwana. Makiyayi ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai shi nasa ɗakin a bayan jaki ko takarkari yake tafiya.

Yanzu ta tsufa, ta zama abin ado na masu hali. A 2017 an yi gwanjon wata ta shekarar 1965 a Amurka, kuɗinta ya haura dala 300,000. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar nan ta tamma 5 ba. In an juya su zuwa sefa sun wuce jaka 150,000.

Abin da ke tsakanin ƙafa da jiki

Ba a ɗora jikin mota kai tsaye bisa ƙafafunta kamar yadda ake yi wa amalanke. Wanda ya hau amalanke a hanyar burji ya san abin da ƙugunsa ya ji. A mota akwai wani ƙarfe da yake lanƙwasa ya koma. Shi ke karɓar dukan hanya kafin ya kai ga mutum. Bakanikan Yamai suna ce masa resor, na Najeriya suna cewa sifirin.

Akwai na falle-falle. Dogayen ƙarafa ne masu faɗi, an jera su ɗaya bisa ɗaya, dogo a sama, gajeru a ƙasa, an lanƙwasa su kamar bakan maharbi. Shi ake kira lam. Shi ne a bayan kamiyo da bashe da Hiace. Akwai mai naɗi kamar macijin da ya naɗe, shi ne a ƙananan motoci. Peugeot 504 mai layin kujeru uku tana da biyu-biyu a kowace ƙafar baya. Akwai kuma sandar ƙarfe miƙaƙƙiya. An kafe kanta ɗaya a jikin mota, ɗaya kan yana riƙe da hannun da ke ɗauke da ƙafa. In ƙafa ta hau dutse sai sandar ta murɗe, kamar ɗanyen reshe da anka murɗa, in an wuce ta koma yadda take. Irin wannan ce a Kombi, gaba da baya. Ita ce kuma a gaban yawancin Hiace da ake haya da su a nan.

Resor shi kaɗai ba ya isa. In ya lotsa ya tashi sai ya yi ta rawa, ƙafa tana tsalle. Don haka anka haɗa shi da wani bututu mai mai a ciki, wato amotisar, wanda a Najeriya ake kira shokozoba. Shi ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa ya kwantar da rawar, don taya ta zauna a ƙasa. Tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

Sai wani dunƙulen roba da ke manne a shasi, daidai saman ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya. Shi ne iyaka. Tsakaninsa da ƙarfen akwai rata, kuma a cikin ratar nan resor yake aikinsa. In mota ta sauka har ta zauna bisa robar, resor ya gama abin da zai iya. Ta zama amalanke, amma amalanke mai gudun kilomita 80. A riƙe zancen ratar nan, don duk sauran bayani a kanta yake.

Ga yadda Turawa suke sauke Kombi. A baya, kan sandar yana da haƙora kewaye da shi, sama da 40, kuma hannun ƙafa yana da nasa da suke shiga ciki. Bakanike ya ɗaga mota, ya zare hannun, ya juya shi haƙori ɗaya ko biyu, ya mayar. Haƙori ɗaya tak yakan sauke bayan mota kamar faɗin yatsa uku. Aikin yana da haɗari, don hannun a ɗame yake kamar tarko. In ya kuɓuce yana iya karya mutum. A gaba abin ya fi wuya. Sai an yanke tsakiyar bututun da sandunan suke ciki, an juya, an yi walda. Ko kuwa a sayi wasu ƙarafan ƙafa da anka ƙera musamman don su cusa taya cikin jikin mota. Masu kuɗi sosai suna sa jakunkunan roba na iska. A danna maɓalli mota ta gurfana kamar raƙumi, a sake dannawa ta miƙe.

Yawancinsu don ado suke yi. Amma akwai ɗan amfani, a faɗi gaskiya. Kombi doguwa ce siririya kamar akwati. Iska tana ture ta, kwana yana sa ta tangaɗi. In nauyinta ya matso ƙasa, tangaɗin yana raguwa. Sai dai an cinye ratar nan. Motar ta yi tauri, taya tana gugar jiki, ciki yana karce duk ɗan tudun da anka hau. A tsofaffin ƙira kuma ƙafafun baya suna karkacewa, tayoyi su cinye ta gefen ciki. A Jamus ba a yi wa mota irin wannan aiki a fita da ita haka nan. Sai masu binciken motoci, irin su TÜV, sun duba sun yarda, an shigar da canjin a takardu. Kuma mai ita ba ya ɗora mata buhu. Ranar hutu yake fito da ita, bisa kwalta mai santsi kamar daɓe.

Turawan da sunka shigo ƙasar nan da Kombi ba neman sauka sunka yi ba. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai da yawa sun riƙa ratso hamada da tsofaffin motoci. Su biyo ta Aljeriya, su wuce Tamanrasat da In Gezam, su shigo ta Asamaka, su nufi Arlit da Agadas da Tawa, har Yamai. Yawanci Peugeot 404 da 504 suke kawowa don su sayar. Wasu kuma da Kombi suke zuwa, suna kwana a cikinta. Ta dace da rairayi ta wani fanni, don nauyin injin yana bisa ƙafafun da ke turawa, kuma babu ruwan da zai tafasa. Wasu kafin su taso sukan juya haƙoran nan ta ɗaya gefen don motar ta ƙara tashi, su ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashinta. Dalilin a fili yake. Manyan kamiyo suna yanka rairayi layi biyu, su bar tudu a tsakiya kamar kunyar gona. Ƙaramar mota in cikinta ya hau kunyar nan, ƙafafunta sai su yi ta juyawa a banza. Tsakanin Tamanrasat da In Gezam tafiyar kilomita 400 ce, kuma gawarwakin motoci sun daɗe a wurin suna nuna wa matafiya hanya. Daga farkon shekarun 1990 rikici a Aljeriya da arewacin Nijar ya yanke wannan fatauci. Tsofaffin motoci sunka koma zuwa ta jirgin ruwa, ta Kotonu da Lome.

Ƙarin lam

A nan ba wanda zai biya bakanike don ya sauke masa mota. Lodi ne yake sauke ta, kyauta. Abin da ake biya a kai shi ne a ɗaga ta.

Dubi bashe. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 ta biyo ta a 1968, kuma daga 1975 an riƙa harhaɗa Peugeot a Kaduna. Masu buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol, su ne bashe, sun yi wa karkara aikin da ba a mantawa. Yau Toyota ta karɓi yawancin aikin, amma ɗabi'ar ba ta sake ba. Mutum ya sayi mota, kafin ta ɗauki fasinja na farko ya kai ta garaji a ƙara mata lam. A samo falle ɗaya ko biyu ko uku daga wajen masu tsofaffin ƙarafa, a cusa su cikin jerin, a sa ƙusar tsakiya mai tsawo, a ɗaure. Motar ta fito gindi a sama kamar zakaran da ke tsatsar hatsi.

Ƙarin falle ɗaya ba laifi ba ne. Resor yana gajiya da shekaru, lanƙwasarsa ta miƙe, kuma hanyoyin karkara ba su da tausayi. Wanda ya ƙara ɗaya don motarsa ta koma tsayinta na asali ya yi hankali. Inda ɓarna take shi ne lissafin da mai mota yake yi a zuci. Ya ga ta daina durƙusawa, sai ya ce ƙarfinta ya ƙaru. Lam kaɗai ya ƙaru. Ƙarfen ƙafafun baya na jiya ne. Birki na jiya ne. Tayoyi da shasi da ƙusoshin ƙafa duk na jiya ne. Wanda ya ninka wa jakinsa akumari bai ƙara masa ƙafa ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan muni. Da, in lodi ya yi yawa, motar takan durƙusa, kowa ya gani, har mai tallar ƙosai ta ce wannan mota ta cika. Durƙuson shi ne bakinta. Da anka cika ta da lam, an rufe mata baki. Tana tsaye ƙyam da nauyin da ya ninka nata, ba alama, har ranar da ƙarfen ƙafa zai gutsure a tsakiyar daji. Kuma in ba ta da kaya, taurin ya yi yawa, bayanta yana tsalle a gargada, dukan da lam ya ƙi karɓa yana tafiya shasi. Shi ya sa ake ganin tsagewa daidai inda lam yake rataye.

Wasu kuma in falle ya karye sai su kai a yi masa walda. Maƙera sun fi kowa sanin illar wannan, don su ne suke sayen karyayyen lam su ƙera gatari da adda da wuƙa. Ƙarfe ne da anka ba shi horo da wuta da sanyi tun a masana'anta. Zafin walda yana kashe horon, ba ya daɗewa sai ya sake karyewa a gefen ɗinkin. Ɗaure karyayyen lam da katako da robar tsohon tub dabara ce ta isa gari, ba ta zama da ita ba. In kuwa babban falle na sama ne ya karye, wanda kawunansa biyu suke riƙe da shasi, to abin ya wuce wasa. Shi ke tsare ƙafafun baya a mazauninsu. In ya tafi, ƙafafun suna gocewa, motar ta riƙa tafiya a karkace kamar kare mai sassarfa.

To, ita motar da lodi ya durƙusar, me ke samunta a hanya? Nauyi ya koma baya, gaba ya yi sakayau. Ƙafafun gaba su ne masu juya mota, kuma ba su danne ƙasa sosai ba. Direba ya murɗa sitiyari a bisa burji, motar ta ci gaba da tafiya inda ta nufa. Da dare fitilunta suna haska kan itatuwa da idon direban da ke tahowa, ramin da ke gabanta yana cikin duhu. Birki yana ƙara nisa kafin ya tsayar da ita, a gangara kuma ya yi zafi ya saki. In an haɗa da gudu abin ya ƙazanta, don gudu in ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi. Taya mai ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta tana lotsewa a kowane juyi, tana ɗaukar zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana yake haura 40, ba ta da wuyar fashewa. Da damana kuma ga ƙorama. Ciki ya yi ƙasa, kaskon baƙin mai ya bugi dutse ya fashe, mai ya tsiyaye, inji ya ƙone.

Wani abin da ke kashe mutane shi ne kayan sama. In ciki ya cika sai a hau rufi: buhu bisa buhu, katifa, babur, awaki, yaron mota a can ƙololuwa. Baturen Kombi ya sauke nauyinsa ƙasa don kada ya kife. Wannan ya kai nasa sama. Mace mai tulu a ka ta san yadda ɗan tuntuɓe yake zama babba. Ramin da motar za ta wuce lafiya in kayan suna ƙasa, shi zai kwantar da ita in suna sama.

Lissafi

Nan ne karatu yake da rana. Bashe irin 404 ko 504 kamar tan 1 anka ƙera ta ta ɗauka. Tan 1 kilo 1,000 ne. Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne. Buhu 10 ke nan. Kuma mota ba ta bambanta buhu da mutum. Babban mutum yakan yi kilo 60 zuwa 70. Mutum 10 sun kai nauyin buhu 6 ko 7. In sun hau, wurin buhu 3 ko 4 kaɗai ya rage. Mai karatu ya ƙirga da idonsa abin da ake ɗora wa irin waɗannan motoci ranar Lahadi a kasuwar Balayara, ya gwada da wannan lissafi.

Ba sai an yi gardama da direba a kan ƙarfin motarsa ba, don a rubuce yake. Yana cikin kart giris, tare da yawan mutanen da anka yarda ta ɗauka. A jikin manyan motoci da yawa ma an rubuta shi a gefe. A nemi baƙaƙe biyu, PV, wato nauyin mota ba kaya. A nemi baƙaƙe huɗu, PTAC, wato iyakar nauyinta da kaya da mutane duka. A ɗebe na farko daga na biyu. A ce an rubuta PTAC 2,500, PV 1,400. Saura 1,100. Kilo 1,100 ke nan, buhu 11, har da direba da yaronsa a ciki. Wani lokaci an riga an yi lissafin, an rubuta shi a gaban CU. Wanda ya yi wata shida a ajin yaƙi da jahilci ya isa ya karanta wannan.

Hanya ma tana biyan nata kason. Wani babban gwaji da anka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in nauyin da ke bisa ƙafafun mota ya ninka biyu, ɓarnar da suke yi wa kwalta tana ninkawa kusan 16. Shi ya sa a 2005 ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, sunka kafa doka mai lamba 14. Ta yanke wa kamiyo tan 6 a ƙafafun gaba, tan 11 da rabi zuwa 12 a jerin ƙafafun baya guda, kuma anka kafa ma'auni a manyan hanyoyi. In kwalta ta farfashe, kuɗin mota yana hawa, tafiyar wuni ta zama ta kwana biyu, albasar Galmi ta fara ruɓa kafin ta ga Yamai. Manomi ne yake biya.

A ji ta bakin direba kuma, don yana da tasa hujja. Mai mota yana jiran kuɗinsa kowace yamma. Ga mai, ga gyara, ga ƴan kamasho. Fasinja ba ya son a ƙara masa ko dala a kuɗin buhu. In direba ya tsaya a buhu 10, ba zai fitar da kuɗin ba sai ya tsawwala, in ya tsawwala jama'a su koma motar baya. A ƙauyuka da yawa kuma mota ɗaya ce ranar kasuwa. Wanda ya ƙi hawa zai kwana a tasha da kayansa. Su fasinjojin ma ba a wanke su ba. Mutumin da yake kukan mota ta cika, shi ne ɗazu yake roƙon a cusa masa buhunsa na uku.

Ana yawan jin irin wannan a tasha:

"Malam direba, motar nan ai ta cika."

"Haba Baba! Ba ka san ta ba ne. Abin da ta ɗauka jiya ya fi wannan, kuma lafiya lau munka sauka Filinge."

Direban bai yi ƙarya ba. Amma jiyan nan ita ce abin tsoro. A ɗauki waya a lanƙwasa ta, ba za ta karye ba. A sake, a sake, a sake, sai ta rabu biyu a hannu ba tare da an ƙara ƙarfi ba. Haka ƙarfen mota yake. Kowane lodi yana barin ƴar tsaga da ido ba ya gani, kuma ranar karyewa ba lalle ta zama ranar da kaya sunka fi yawa ba.

Kafin a biya kuɗin mota, a kewaya ta sau ɗaya. Ba ya ɗaukar lokacin da ake ɗauka wajen duba haƙoran rago. A dubi tsakanin tayar baya da jikin mota. In tafin hannu ba zai shiga ba, ramin farko za ta fara guga. A koma bayanta a ga ko ta karkata gefe ɗaya. A sunkuya a leƙa lam. In yana da sauran lanƙwasa, da dama. In ya miƙe sak, ko ya lanƙwashe ta baya, ko ƙarfen ƙafa ya riga ya zauna bisa robar nan, to ta cika, ko me direba ya ce. In an ga mai yana tsiyaya a jikin amotisar, ya mutu.

Wajen lodi, mai nauyi a ƙasa, a matsar da shi gaba, tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Kada a tara shi a wutsiya. Tabarmi da ƙwarya da bokiti da katifa su ne na sama. Bisashe a ɗaure su yadda ba za su taru gefe ɗaya a kwana ba, don sa guda in ya zame ya isa ya karkatar da ƙaramar mota. Mutanen gari ɗaya da sunka yi sayayya tare suna iya haɗa kuɗi, kaya su bi mota ɗaya, mutane su bi wata, ko a yi sawu biyu. In kuwa sai an yi magana, a yi ta tare. Fasinja ɗaya in ya ce a sauke buhu, dariya za a yi masa. In mutum biyar sunka sauka sunka ce a ba su kuɗinsu, ɗan kamasho zai saurara.

Saura ƙungiyar manoma ko ɗan kasuwar ƙauye da ke shirin sayen tsohuwar mota. A gan ta ba kaya, a wuri mai daidai, da rana. A danna kowace kusurwa da ƙarfi a saki. In ta tashi sau ɗaya ta tsaya, amotisar yana da rai. In ta yi ta lilo, a sa kuɗin sabo cikin ciniki. A ƙirga fallayen lam dama da hagu, su zo daidai. In an ga an cusa da yawa, motar ta ba da labarin irin wahalar da ta sha. A shiga ƙarƙashi da tocila a nemi sabuwar walda ko sabon baƙin fenti a shasi, musamman inda lam yake rataye. Araha ba ta ado. Ƙaramar motar da ta fito Turai kai tsaye kuma, don hanyarsu anka daidaita tsayinta, wata ma tsohon mai ita ya ƙara sauke ta don sha'awa. A auna cikinta da hanyar garinku kafin a biya. Hiace mai sanda a gaba tana da noti na ɗaga ta, bakanike yana iya ɗaurewa kaɗan in gaban ya zube. Kada ya wuce tsayinta na asali, don in ya zarce ƙafa ba ta da wurin sauka cikin rami, gaɓoɓinta su cinye da wuri. Bayan an taɓa notin nan kuma sai an sake daidaita ƙafafun gaba, in ba haka ba sababbin tayoyi ba za su ga kaka ba.

A wata mai zuwa za a yi bayanin lambobin da ke rubuce a gefen taya: nauyin da take ɗauka, da makon da shekarar da anka yi ta.